Yadda taurari ke ƙera sinadarai a cikinsu

Haɗewar nukiliya wani aiki ne da ke gudana can tsakiyar tauraro, inda tsananin zafi da matsi ke tilasta wa ƙwayoyin zarra masu sauƙi su manne da juna su zama sinadari mai nauyi. Rana ma tauraro ce fa. Zafin tsakiyarta ya kai digiri miliyan 15, kuma ko wace daƙiƙa tana maida haidurojin (sinadarin da ya fi kowane sauƙi) kamar tan miliyan 600 zuwa hiliyam (mai bi masa a nauyi), ɗan nauyin da ya ɓace wajen haɗewar shi ne hasken da ke sa gero da dawa su nuna a gona. Masanin taurari Arthur Eddington ya fara hasashen haka a 1920, masanin kimiyya Hans Bethe ya fito da lissafin a 1939.

To in haidurojin ya ƙare sai tsakiyar ta ƙara matsewa, zafi ya haura digiri miliyan 100, hiliyam uku su haɗu su ba da kabon, daga nan sai oksijin. Rana iyakarta nan. Amma tauraron da ya ninka rana sau 8 ko fiye sai ya ci gaba, niyon, magniziyam, silikon, har ya kai ga ƙarfe, kuma a nan ne tafiyar ke tsayawa don haɗa ƙarfe ba ya ba da makamashi, ci ma yake yi, shi ya sa tsakiyar ke ruftawa cikin ƙiftawar ido tauraron ya fashe ya watsar da abin da ya tara, abin da ake kira sufanoba. Masana huɗu, Margaret da Geoffrey Burbidge da William Fowler da Fred Hoyle, su sunka tattara bayanin nan a 1957.

Zinare kuwa hanyarsa daban, kuma wallahi nan ne abin ya fi ban mamaki. Sai ƙwayar zarra ta haɗiye nutron (ƙananan ɓurɓushi marasa cajin lantarki da ke tsakiyar zarra) masu yawa da sauri, irin yadda ke faruwa in taurarin nutron biyu (dunƙulalliyar tsakiyar da ke saura bayan tauraro ya fashe) sunka yi karo, an ma hango irin wanga karo a Agustan 2017. Kenan zinaren da ake haƙowa a Anka da Maru da Bukkuyum ya girmi duniyar kanta, wadda ke da shekara biliyan 4.5 da 'yan kai. Haka ita ma dalmar da ke cakuɗe da shi a dutse, wadda gubarta ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, akasarinta daga haɗiyar nutron ta fito, wani kaso a hankali cikin tsofaffin taurari masu kumbura.