Kurajen nafkin da suka ƙi ji: a leƙa bokitin wanki kafin a tafi kemis

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kaya suka yi tashin gwauron zabi, gidaje da yawa a nan Gombe sun ajiye famfas sai ranar unguwa ko ranar zuwa asibiti. An koma nafkin na yadi, wasu kuma tsohon zani suke yayyankawa. Ni dai ban ga aibun wannan ba, da shi aka raini yawancinmu. Abin da ke damuna shi ne yawan jariran da ake kwance wa nafkin a gabanmu, mu ma'aikatan lafiya, ranar rigakafi, mu tarar ɗuwawu ya yi jawur, na wani har ya saɓe, uwar kuma ta ce ta shafa mai kala uku, ya lafa kwana biyu ya sake dawowa.

Kowa da sunan da yake ba abin. Wata ta ce ela ce, wata ta ce ɗankanoma, kaka kuma ta ce haƙori ne, in ya fito zai wuce. A mafi yawan yaran da muke gani, ƙuna ce kawai ta fitsari da kashi. Fatar jariri ba ta kai ta babba kauri ba, in ta daɗe a jiƙe sai ta yi laushi. Idan fitsari ya haɗu da kashi, ƙwayoyin cutar da ke cikin kashin sukan mayar da wani sinadarin fitsarin ya zama amoniya, wato zarnin nan da ke hawa kai in an kwance nafkin ɗin da ya kwana. Amoniyar ita ke ƙara wa sinadaran narkar da abinci da suka fito cikin kashin kaifi, su kama cin fatar. Sai yadi ya zo yana goga wurin duk motsin da yaro ya yi. Shi ya sa abin ya fi yawa daga wata 9 zuwa 12, lokacin da yaro ya shiga kunu da tuwo, kashinsa ya canza, ga shi yana zama yana rarrafe. Lokacin ne kuma haƙora ke fitowa, shi ya sa laifin ke faɗawa kansu. Jaririn da ke kan nono zalla a watanni 6 na farko bai cika fama da shi sosai ba.

A wurinmu akwai abubuwa biyu da ke ƙara rura wutar: wandon roba da goyo. Uwa za ta ɗaura nafkin, ta ɗora wandon roba don kada fitsari ya ɓata mata zani, ta goya yaro ta ɗaure da majanyi, ta kama daka ko ta tafi gidan biki. Yaro ya yi shiru a baya, ita kuma ba ta ji danshi ba, domin roba ta tare. A zafin Maris da Afrilu, lokacin da Gombe ke kai maki 40, wurin nan babu ta inda iska za ta shiga. Wasu ma ledar sayayya suke yankawa su naɗe a kan nafkin ɗin. In dai akwai kuraje, a ajiye roba gaba ɗaya har su warke. Gara a shimfiɗa leda a kan katifa, a ɗora zani a kanta, yaro ya kwanta a sake.

Yanzu ga inda nake son iyaye mata su tsaya su saurara, domin a nan ne kurajen da ke tafiya su dawo suke samun mafaka: wanki.

Na sha tambayar uwa yadda take wanke nafkin, amsar kusan ɗaya ce. Ana tara su a bokiti tun safe, da mai kashi da mai fitsari, a zuba omo mai yawa, a ƙara Dettol ko Izal don a kashe wari, a cuɗa, a ɗauraye sau ɗaya, a shanya. Ba ƙazanta ba ce, ruwa ne ke da tsada. Duk wanda ya zauna a Bolari ko Pantami ko Tudun Wada a lokacin da famfo ya ɗauke ya san kowace jarka daga kurar mai ruwa da lissafinta, ko da yake ga madatsar Dadin Kowa nan kusa. To amma ɗauraya ɗaya ba ta fitar da omo daga nafkin mai kauri. Yana bushewa a cikin zaren, yaro na yin fitsari ya narke, ya koma kan fatar da dama ta riga ta ji ciwo. Uwa na shafa magani da safe, nafkin ɗin na mayar da ciwon kafin azahar.

Akwai gwaji mai sauƙi. Ki ɗauki nafkin ɗin da kika wanke ya bushe, ki tsoma shi a kwano mai ruwa mai tsabta, ki matse. In kumfa ta taso ko ruwan ya yi santsi, akwai sauran omo. Ki kuma shinshina shi da zarar yaro ya yi fitsarin farko a ciki. In zarni ya bugo nan take, to wankin bai kai ciki ba.

Yadda ya kamata a yi shi ne a fara kankare kashin a zuba a masai, a ɗauraye nafkin ɗin nan da nan, kada a bar shi ya wuni cikin sauran. A wanke da sabulun wanki marar ƙamshi, ko omo ɗan kaɗan, a cuɗa sosai. Sannan a ɗauraye sau uku, ko har ruwa ya fita garau babu kumfa. Ruwan ɗauraya na biyu da na uku ba asara ba ne, a tara shi a yi wankin masai ko a yayyafa tsakar gida kafin shara. Dettol da Izal a bar su, ba na kayan da ke manne da fatar jariri ba ne. Idan kuraje sun daɗe, a samu tsohuwar tukunya a ware ta, a tafasa nafkin ɗin da aka riga aka wanke kamar minti 15 a kan murhu, a yi haka kullum har yaro ya warke. Mai amfani da Hypo, wato ruwan bilic na faranta kaya, ta sa kaɗan cikin ruwa mai yawa, kada ta zuba shi kan nafkin mai fitsari ko ta haɗa shi da wani sinadari, domin tururin da ke tashi yana cutar da huhu, kuma ta ƙara yawan ɗauraya.

Shanya a kan igiya, a cikin rana, a buɗe, ba a ninke ba. Na san akwai masu ɓoye nafkin a bayan ɗaki ko a kan ƙofar banɗaki saboda kunyar baƙi da surukai. Wannan kunyar yaro ke biyan kuɗinta. Rana tana busar da shi har ciki, tana kuma rage ƙwayoyin cuta. Da damina, musamman a Agusta da hadari ke wuni, nafkin kan yi kamar ya bushe alhali cikinsa da sanyi. A bi shi da dutsen guga mai zafi, ko na gawayi ne. Gugar tana da wani amfanin: akwai ƙudan da ke saka ƙwai a ƙasa mai fitsari da kuma kayan da aka shanya a ƙasa ko a inuwa, tsutsarsa ta shiga fatar yaro ta zama kamar maruru mai baki a tsakiya. Zafin guga na kashe ƙwan. Wajen ajiya kuma, kada a jefa kafur cikin akwatin kayan jariri. Akwai jariran da jininsu ba ya jure shi, yana farfasa musu ƙwayoyin jini ya jawo shawara mai tsanani.

Batun yadi kuma, auduga ake so. Tsohuwar atamfa ta auduga da ta sha wanki ta yi laushi ta fi sabon yadi mai santsi na roba, wanda ba ya shan ruwa sai dai ya riƙe zafi. Jariri sabon haihuwa na iya bukatar canji sau 10 ko fiye a wuni da kwana, wanda ya tasa kuma sau 6 zuwa 8. Mai nafkin shida kacal dole ta riƙa jinkirta canji ko ta ɗaura mai danshi. A nan maigida ya shigo. Malam, ƙarin nafkin dozin ɗaya da ƙarin jarka biyu ta ruwa sun fi maka arha a kan mayukan da kake sayowa daga kemis duk mako.

Shi kansa yaron, abin da yake so ba shi da yawa. A duba shi duk awa biyu zuwa uku, in ya yi kashi a canza nan take, ko da tsakar dare ne. A yi masa tsarki da ruwa mai ɗumi daga buta, da hannu, daga gaba zuwa baya musamman 'ya mace. Ba soso, ba sabulu mai ƙamshi, ba dirzawa. A ɗan danna tsumma mai laushi a tsane ruwan, a buɗe matsematsi a tabbatar ya bushe. Daga nan a bar shi tsirara a kan tabarma da zani, rabin awa ko fiye, sau da yawa a wuni. Kakanni na cewa sanyi zai kama shi. Da hunturu a sa masa riga da safa da hula, a rufe taga, ɗuwawun kawai ake so ya sha iska. Wanda ya fara zama, a riƙa ɗora shi kan fo bayan ya ci abinci da in ya tashi barci, kamar yadda iyayenmu ke ɗora yaro a ƙafa. Duk kashin da ya faɗa fo bai taɓa fata ba.

Kafin a mayar da nafkin, a shafa abin da zai shiga tsakanin fata da fitsari. Man da ke da sinadarin zinc oxide shi ne kan gaba, basilin fari marar turare ma yana yi, haka man kaɗanya mai tsabta wanda ba a haɗa shi da komai ba. In an zo canji na gaba ba sai an kankare na jiya ba, a wanke ƙazantar a ƙara wani. Mai yana maƙalewa a yadi ya hana shi shan fitsari, don haka a shimfiɗa ɗan ƙyalle siriri a ciki, a riƙa wanke shi daban da ruwan zafi. Hoda kuwa a bar ta. Tana dunƙulewa a matsematsi ta riƙe danshi, ƙurarta kuma yaro na shaƙa. Man zafi, toka, makilin, bula, ruwan gishiri da jiƙon bagaruwa duk na ga an sa, kuma a kan fatar da ta saɓe ƙara ƙuna suke yi.

In an yi duk wannan kwana 3 babu sauƙi, to a sake kallon kurajen da kyau a cikin haske. Ƙunar fitsari tana kama wuraren da suka taɓa nafkin, wato tudun ɗuwawu da saman cinya da mara, ta bar cikin matsematsi fes. Idan kuwa jan ya shige har cikin matsematsi, ya yi jawur yana ƙyalli, ga ƙananan ɗigo-ɗigo ja sun watsu a gefensa, to fangas ɗin da ake kira kandida ya shiga. Ya fi zuwa bayan gudawa ko bayan yaro ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su amoxicillin, ko uwa mai shayarwa ta sha. A buɗe bakin yaron. In akwai fari-fari a harshe da cikin kumatu da ba ya goguwa kamar nono, abu ɗaya ne, kuma yakan kama kan nonon uwa ya riƙa yi mata zafi. Wannan basilin ba ya kashe shi. Ana ba da clotrimazole ko miconazole ko nystatin na shafawa, sau biyu zuwa uku a wuni, a ci gaba har kamar mako guda bayan fatar ta washe. Na baki kuma da nasa maganin daban, a duba uwa da ɗa tare. Yawancin masu cewa magani bai yi ba, sun daina ne a kwana na uku da suka ga ja ya ragu.

Wanda na fi jin tsoro shi ne man nan mai haɗi uku da ake miƙo wa kowa a kemis da zarar ya ce kuraje. Ki juya kwalin ki karanta, ko ki ba wani ya karanta miki. In kin ga betamethasone ko clobetasol, ba na ɗuwawun jariri ba ne. Yana kwantar da ja cikin kwana ɗaya, uwa ta yi murna, alhali yana sirantar da fata, fangas na ƙara yaɗuwa a ƙarƙashi. A cikin nafkin da roba kuma jiki na zuƙe shi fiye da kima, in aka daɗe ana shafawa har fuskar yaro kan kumbura, a ɗauka ƙiba ce. Akwai mai sauƙi, hydrocortisone, da ma'aikacin lafiya kan rubuta na 'yan kwanaki in ƙunar ta yi tsanani, bai wuce mako guda ba, kuma sai an ga yaron da ido.

Idan gudawa ce ta kawo kurajen, ba za su tafi ba sai ta tsaya. A ba da ruwan ORS, a ci gaba da nono, a ba da ƙwayar zinc kwana 10 zuwa 14: miligiram 10 ga wanda bai kai wata 6 ba, miligiram 20 ga wanda ya wuce.

Akwai yaran da ba a jira kwana 3 da su. Jaririn da bai kai wata 2 ba, ko wanda kurajen suka yi ruwa ko mugunya ko ɓawo mai ruwan zuma, ko suka zama gyambo, ko ga zazzaɓi, ko ya ƙi kama nono, ko jan ya haura ciki da baya, a kawo shi a ranar. Haka yaron da ke ramewa, ƙafafunsa suka kumbura, fatar ɗuwawu da cinya ta yi duhu tana ɓarewa. Wannan tamowa ce, maganinta na cibiyar kula da masu tamowa. In duk gidan ana susa da dare, ƙazuwa ce, kowa za a yi wa magani. Yaron da kandida ke yi wa zuwa da dawowa a baki da ƙasa duk da an yi magani daidai, mukan nemi a yi masa gwajin jini shi da mahaifiyarsa, kuma in abin ya fi ƙarfin asibitin unguwa mu tura shi Asibitin Ƙwararru na jiha ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe. In za ki zo, ki taho da katin rigakafi, da duk mayukan da kika shafa a cikin kwalayensu, da nafkin ɗaya wanda kika wanke ya bushe.