Jemagu: bincike kan ƙwayoyin cutarsu da dalilin kare su

Jemage dabba ne mai shayarwa, kuma cikin masu shayarwa kaf shi kaɗai ne yake tashi sama da fiffike na gaske. Nau'insu ya haura 1,400 a duniya, wasu ƙwari suke ci, wasu kuma 'ya'yan itace da ruwan fure, irin manyan nan masu launin ƙasa-ƙasa da ake gani da magariba sun yi dafifi a sama, waɗanda masana ke kira Eidolon helvum.

To mu mazauna Legas akwai abin da ya shafe mu kai tsaye, don a 1956 ne aka gano wata ƙwayar cuta a jikin irin wannan jemagen a tsibirin Legas, shi ya sa har yau sunan garin take amsawa a littattafan kimiyya. 'Yar uwar ƙwayar ciwon haukan kare ce, an same ta a jikin kyanwa da kare a wasu ƙasashen Afirka amma ba a taɓa tabbatar da ta kama ɗan Adam ba, sai dai abin da ke damun likitoci shi ne allurar rigakafin haukan kare ba ta wani yi mata tasiri sosai. Akwai kuma ƙwayar cutar Marburg da ke jikin wani jemagen kogo, da ta Nipah da ita ma daga jemagu take, wadda ta ɓulla a Malesiya a 1998 ta hanyar aladu. Ebola ma jemagu ake zargi, ita da ta shigo Legas a Yulin 2014 ta kashe mutum 8 a Najeriya har da Dokta Stella Adadevoh, likitar da ta duba wanda ya shigo da cutar.

Masu bincike raga suke kafawa da dare, su sa safar hannu da takunkumi, su ɗebi yawu da ɗan jini da kashin jemagen sannan su sake shi, wani lokacin ma a maƙala masa 'yar na'ura a ga inda yake zuwa.

Wai a kashe su a huta? An gwada a Yuganda, a wata mahaƙar ma'adinai mai suna Kitaka aka karkashe jemagun wajen, da wasu suka dawo suka cika ramin sai aka ga masu ɗauke da Marburg sun ma fi na da yawa. Kuma fa asarar tamu ce, furen kuka da na ɗorawa da dare suke buɗewa jemagu ne ke yi musu barbara, wato miyar kuka da daddawar da muke saye a Agege da Mile 12 akwai aikinsu a ciki, ga yaɗa irin itatuwa da suke yi a daji mai nisa. Farauta da sare itatuwa sun rage su har ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa Eidolon helvum cikin waɗanda ke dab da shiga haɗari.

A nan gida Dokta Iroro Tanshi, mai bincike kan jemagu, ta gano wani ɗan ƙaramin jemage mai wuyar gani a dutsen Afi na jihar Kuros Riba a 2016, tana aiki da manoma don hana gobarar daji, ta kuma samu lambar yabo ta Whitley, wadda ake ba masu kare halittu, a 2021.

Masana dai shawararsu kar a taɓa jemage da hannu ko matacce ne, kar a ci mangwaron da ya gutsura, in kuwa ya ciji mutum a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15 a garzaya asibiti.