Waiwaye: yadda panda ta tashi daga kyauta ta koma haya

Tunda aka fara kwashe pandojin da ke gidajen zoo na duniya ana maida su China ake ta cacar baki, a 2023 kaɗai na Washintan sun tafi, na Edinbura sun tafi, a 2024 kuma aka ga mutanen Koriya ta Kudu suna kuka a gefen hanya ranar da aka ɗauke Fu Bao, wata panda da aka haifa a ƙasarsu. Wasu na cewa siyasa ce tsantsa, wasu su ce kuɗin haya ne ya yi yawa, musamman da wani gidan zoo a Finland ya maida nasa biyu tun wa'adi bai cika ba saboda ɗawainiyarsu ta fi ƙarfinsa. Ni dai abin da na gani da idona ya sa nake ganin maganar ta girmi duk wannan.

Na daɗe ina zuwa Guanzu sarin kaya, sai wannan karon na tafi da mai ɗakina da yara, wani abokin kasuwancina ɗan asalin lardin Sichuwan ya dage sai mun je garinsu Chengdu. Shi da matarsa suka ɗauke mu tun da asuba zuwa cibiyar kiwon panda da ke garin, wai in rana ta yi zafi barci kawai za ka tarar pandojin suna yi. Wallahi ban taɓa ganin dabba na cin abinci a zaune kamar mutum ba sai ranar, ta jingina da bishiya ta riƙe gora da hannu ɗaya tana ɓare ta da haƙori, kana jin ƙarar ƙas-ƙas daga inda kake. Autarmu ta ja min riga ta ce Baba me ya sa babu ita a zoo ɗinmu? Na ce ai duk Afirka babu ko ɗaya.

Farkon labarin an sha ba da shi. A 1972 shugaban Amurka Nixon ya je China aka ba Amurka guda biyu, Japan ma ta samu a shekarar, Ingila a 1974. Daga 1957 zuwa 1982 panda 23 aka bayar ga ƙasashe tara, kyauta ce, ba haya ba aro.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne gorar nan da take ci. Panda kusan ba ta da wani abinci sai ita, a rana tana iya cinye kilo 12 har zuwa 38. Ita kuma gora tana da wata ɗabi'a, sai ta yi shekaru gomomi ba ta yi fure ba, ran da za ta yi sai duk irinta da ke dutsen ya yi fure lokaci guda, ya zubar da iri, ya bushe ƙurmus, kuma sai an yi shekaru kafin sabuwa ta taso ta isa ci. A tsakiyar shekarun 1970 haka ta faru a duwatsun Minshan, aka tsinci gawar panda 138. A 1983 kuma ta sake faruwa a duwatsun Chiyonglai, wajen gandun Wolong.

To amma fa furen gora ba sabon abu ba ne, tun kaka da kakanni ake yinsa kuma panda ba ta ƙare ba. A da in gorar saman dutse ta mutu sai ta gangaro kwari inda akwai wani irin da bai yi fure ba. A wannan karon da ta gangaro sai ta tarar da gonaki da hanyoyi da dajin da aka sare, an yanka mata daji gunduwa-gunduwa, ba inda za ta bi. Duk wanda ya san yadda burtali ke toshewa a wajenmu zai gane abin da nake faɗa. Abokin nan nawa yana firamare a lokacin, ya ce min ɗan'uwa, har kuɗin kashewarmu muka riƙa zubawa a akwati a makaranta don a ceto panda. Mutane suka shiga duwatsu suna sauko da waɗanda yunwa ta kayar, kuma wannan cibiyar da muke tsaye a cikinta, da guda shida marasa lafiya da aka ceto aka buɗe ta a 1987. Ƙidayar da aka yi a shekarun 1980 ta nuna 1,114 kacal suka rage a daji.

Wa zai ci gaba da rabon kyauta da abin da ke neman ƙarewa a hannunsa? A 1984 aka sa panda a jerin dabbobin da aka hana cinikinsu tsakanin ƙasashe, a shekarar kuma aka aika biyu Los Anjelis lokacin gasar Olamfik, aro na 'yan watanni. Shi ma gajeren aron ya sha suka, don macen panda kwana ɗaya zuwa uku take da shi a shekara na ɗaukar ciki, in ana yawo da ita gari-gari yaushe za ta haihu. Daga nan aka koma yarjejeniyar shekara goma, wadda aka fara da Japan a 1994, kusan dala miliyan ɗaya a shekara kan mace da namiji, kuma duk ɗan da aka haifa na China ne, zai koma kafin ya wuce shekara huɗu. Kenan ranar da aka yi murnar haihuwar Fu Bao a 2020, ranar tafiyarta tana nan a rubuce.

Ban ce babu siyasa a ciki ba, akwai, kowa ya san ba kowace ƙasa ake ba ba. Amma abin da ya fi taɓa ni shi ne yawansu bai fara ɗagawa sosai ba sai da aka waiwayi dajin kansa, a 1998 aka hana sare dazuzzukan Sichuwan bayan ambaliyar kogin Yangzi, ƙidayar da aka fitar a 2015 ta kai 1,864, har yanzu kuma a rarrabe suke ƙungiya-ƙungiya a duwatsun da ba su haɗe da juna ba.

Da za mu fita matar abokina ta nuna wa yara wata mota cike da ɗanyar gora ana saukewa, ta ce kullum sai an kawo daga duwatsu, kuma in panda ta shinshina ba ta yi mata ba ajiyewa take yi ta jira wata.