Naƙuda ba ta jiran maigida ya dawo

Jama'a, akwai maganar da mu ma'aikatan ɗakin haihuwa muka gaji da ji daga bakin 'yan rakiya, wato "ai maigida ne ba ya nan". Za a kawo mana mace ta kwana biyu a kan gwiwa, ta galabaita, ɗan da ke cikinta ya daina motsi, idan muka tambayi dalilin jinkirin sai a ce mijin ya tafi ci-rani, kuma babu mai ikon fitar da ita ba da izininsa ba. Kada wani ya ɗauka halin ƙauye ne kawai, domin a cikin birni ma, inda asibiti yake bayan layi, muna ganin an zauna ana ta kiran wayar miji tana kashe, mace kuwa tana zubar da jini.

Haba iyayenmu mata! Ku da kuka san zafin haihuwa, yaya za ku zuba wa yarinya 'yar haihuwar fari ido, kuna ba ta rubutu da jiƙo, kuna cewa ta daure kada ta ba ku kunya? Addu'a muna yinta tare da ku, amma a yi ta a kan hanyar asibiti. Mafi muni shi ne a kira wanzami ko ungozomar gida a yi mata yankan gishiri, wanda ba ya buɗe hanyar komai sai ƙarin rauni.

Idan kan jariri ya daɗe yana danne mafitsara, yoyon fitsari ne yake biyo baya, sau da yawa kuma ɗan ba ya zuwa da rai. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, mijin da aka zauna jira domin girmama shi, wani lokaci shi ne yake fara gudunta saboda zarni, har ya kai ga saki.

Magidanta, na san yawancinku ba mugunta ce ta sa ba, neman abinci ne ya fitar da ku. To, ku ba da izinin tun cikin yana wata bakwai, ku faɗa a gaban mahaifiyarku da maƙwabta cewa duk lokacin da naƙuda ta tashi a tafi asibiti, kuna nan ko ba kwa nan. Ku bar kuɗin mota a hannunta, a riƙe lambar direba, ta riƙa zuwa awo. Idan an ga jini, ko jijjiga, ko ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska, ko hannun jariri ya riga fitowa, ko naƙuda ta kai awa 12, a fita nan take, ko da tsakar dare ne.

Wadda kuma ta riga ta samu yoyon fitsari, kada a ɓoye ta a ƙuryar ɗaki. Ana aikin gyara a Babbar Ruga da ke Katsina, da Jahun a Jigawa, da Danja kusa da Maraɗi, ku kai ta a duba ta.