Jini a fitsari: ku daina jira sai ta ɓaci

Assalamu alaikum, 'yan uwana na Sakkwato. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma wannan magana ta daɗe tana ci mini rai.

Kwanan nan aka sake kawo mana wani dattijo daga wajen Goronyo. Ya yi watanni yana ganin jini a fitsari, kwiɓinsa na ciwo. Na ce, "Baba, me ya hana ka zuwa tun farko?" Ya ce ai tsargiya ce, tun suna yara suna wanka a gulbi suke ganin haka. Jiƙe-jiƙe ya yi ta sha, yau saiwa, gobe sassaƙe. Da aka yi hoto, ƙari ya riga ya cinye ƙodar.

Haba jama'a! Tsargiya tana nan a yankin gulbin Rima, gaskiya ne, amma ba kowane jini ne tsargiya ba. Ita ma tsargiyar ai ba jiƙo ke kashe ta ba.

Na san abin da kuke gudu: wuƙa. Da an ce tiyata sai mutum ya tattara tabarmarsa ya sulale. To ku ji. Tun 1990 likitoci a Amurka suka fara cire ƙoda ta 'yan ƙananan huji uku ko huɗu, kowanne bai kai faɗin yatsa biyu ba, a zura kyamara, likita yana kallon allo yana aiki, sannan a fitar da ƙodar ta wata 'yar tsaga. Ciwon bayan aiki ba shi da yawa, mutum ya fi saurin tashi ya koma gona ko kasuwa.

Ina jin likitocin tiyata suna tattaunawa a kan wannan. Wani ya fi son hujin, wani ya ce hannunsa ya fi natsuwa in ya buɗe ya gani da idonsa, ga kuma tsadar kayan aiki. Amma a wuri guda bakinsu ke haɗuwa: in ƙari ya yi girma, ko ƙodar ta cika da mugunya ta manne da abin da ke kusa, galibi sai an tsaga sosai. Jinkirinku ne ke zaɓa muku babbar wuƙa. Kun ji ko? Jinkirin nan dai!

Kuma mutum yana rayuwa lafiya da ƙoda ɗaya in tana da kyau. Kada ku ƙone ta da jiƙon da ba ku san abin da ke ciki ba.

Don Allah:
Ka ga jini ko sau ɗaya, ko babu ciwo, je asibiti a makon.
A yi gwajin fitsari da hoton ciki.
Daina shan maganin ciwon jiki na kemis barkatai.
In an tura ka Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, tafi, kada ka koma gida shawara ta wata uku.
Tambayi likita wace irin tiyata ta dace da kai, kuma me ya sa.

Inna, Baba, ba faɗa nake yi don raini ba. Gobe ma ina bakin aiki, ku taho da wuri, ku riƙo katinku.