Sitika ba ita ce kwamfuta ba

Wata Asabar da hantsi wani dattijo ya shigo cibiyarmu ta koyar da matasa kwamfuta, ɗansa na biye da shi rungume da laftof a jakar makaranta. Muka gaisa, na ba shi kujera. Ya ce, "Malam, taimaka ka duba mana abin nan. Adashi na ɗauka na saya wa yaron nan. Mai shago ya rantse mini Core i7 ce, wai babu sama da ita. Ga shi ko ƙwallon da abokansa suke bugawa ta ƙi ɗauka."

Na buɗe ta. Sitikar i7 na nan gefen kibod tana sheƙi, kuma mai shagon bai yi ƙarya ba, i7 ɗin ce. Abin da bai faɗa ba shi ne lambar da ke biye da ita: 3520M. Furosesar nan ta fito tun 2012, lokacin yaron ko firamare bai shiga ba. RAM ɗinta giga 4, ma'ajiyarta tsohon faifai mai juyawa, kuma daga danna maɓalli zuwa lokacin da ta yarda a yi aiki da ita, sai da muka sha ruwa muka taɓa hira. Na ce, "Baba, ba matacciya ba ce, amma ba ta gem ba ce." Ya yi shiru ya dubi ɗan nasa, ɗan ya sunkuyar da kai.

Irin wannan ya zo hannuna ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Yawancin kwamfutocin da ke gidajenmu na hannu ne, kwancen ofisoshin Turai da Amurka, waɗanda ake saukewa a Legas su bazu zuwa Farm Centre da titin Beirut a Kano, da Banex a Abuja, da sauran kasuwanni. Ba aibu ba ne. Da yawa daga cikinsu sun fi sababbi masu araha ƙarko. Matsalar ita ce muna saye da sunan da muka ji a bakin mutane, ba da abin da ke cikin na'urar ba.

Yadda nake yi wa ɗalibaina bayani, kwamfuta shagon tela ce. Furosesa ita ce telan. RAM shi ne teburin da yake shimfiɗa yadi. Ma'ajiya ita ce kabad ɗin da kayan mutane suke. Katin hoto, wanda 'yan kasuwa ke kira girafik, shi ne mai aikin surfani da aka ɗauka daban don ado. Tela komai gwanintarsa, in teburinsa bai wuce faifan tuwo ba, kabad ɗin kuma sai an yi minti biyu ana kokawa da ƙofarsa, to ɗinkin sallah ba zai fita ba.

Mu fara da telan. Sunayen i3 da i5 da i7 aji ne kawai a cikin zubi ɗaya, kuma kamfanin Intel yana fitar da sabon zubi kusan kowace shekara. Zubin, wanda a kasuwa ake ce wa jenareshin, yana cikin lambar da ke bin sunan. A i7-3520M, lamba 3 ta farko tana nufin zubi na uku. A i5-8250U, lamba 8 zubi na takwas ke nan, na shekarar 2017. Daga zubi na goma kuwa lambobi biyun farko ake karantawa, kamar i5-1135G7 da take zubi na sha ɗaya. Waccan i7 ta dattijon ƙwaƙwalwar aiki biyu gare ta, ita kuwa i5 ta zubi na takwas huɗu gare ta, ta fi ta nesa ba kusa ba, ga kuma cin batir kaɗan. Kada ka yarda da sitika, manna ta ba wuya. Kunna na'urar a gaban mai shago, danna Ctrl da Shift da Esc tare, shiga Performance, ka karanta cikakken sunan da idonka.

Akwai wani dalilin da ya sa nake nanata zubi na takwas. Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya rufe tallafin da ya saba bai wa Windows 10. Ita kuma Windows 11, a ƙa'idar kamfanin, daga zubi na takwas zuwa sama take karɓa, in ban da 'yan ƙalilan. Masu gyara suna da dabarar ɗora ta a kan tsofaffi, tana kuma hawa, amma kamfanin bai ɗauki alkawarin ci gaba da sabunta irin waɗannan ba. In za ka riƙa shiga asusun banki ko ajiye takardun aiki a ciki, wannan abin dubawa ne.

To amma kafin ka je kasuwa, zauna ka tambayi kanka me za a yi da ita. In aikin gida ne, buga takardu, karatun yara, gwajin jarrabawar JAMB wadda tun 2015 da kwamfuta ake rubuta ta, kallon karatu ko fim, lissafin shago, to ba ka buƙatar katin hoto sam. i5 ta zubi na takwas, RAM giga 8, da SSD, wato ma'ajiyar zamani marar faifai mai juyawa, mai giga 256 sun wadatar, har da rara. Irin su HP EliteBook, Dell Latitude da Lenovo ThinkPad na wannan zamanin sun cika kasuwa, kayan gyaransu kuma ba sa wuyar samu.

Wanda kuma yake da tsohuwa a gida tana jan ƙafa, kada ya yi saurin rabuwa da ita. A goma da aka kawo mini da kukan nauyi, mafi yawa ba telan ba ne mai laifi, kabad ɗin ne. Tsohon faifai mai juyawa, wato HDD, yana karanta abin da bai wuce mega ɗari da 'yan kai ba a daƙiƙa, kuma akwai allura a ciki da take yawo tana neman bayanai. SSD mafi sauƙin kuɗi tana kai mega 500, babu abin da ke motsi a cikinta, ba ta kuma tsoron jijjigar Adaidaita Sahu. Sauya wannan kaɗai yana mayar da kunnawar minti biyu ta koma daƙiƙa ashirin ko ƙasa. Bayan shi sai RAM. A nan a yi hattara, domin RAM iri-iri ne, DDR3 da DDR4 da DDR5, kuma ba sa shiga ramin juna, tsagar da ke ƙasansu ma ba wuri ɗaya take ba. Na taɓa ganin wanda ya danna da ƙarfi har ya karya maƙallin. Wasu siraran laftof kuma an liƙe RAM ɗinsu da dalma a jikin babban allon da ke cikin na'urar, babu ƙari babu ragi, don haka a tambaya tun kafin a biya. In ramuka biyu ne, sanda biyu masu giga 8 sun fi sanda ɗaya mai giga 16 sauri, musamman ga na'urar da ba ta da katin hoto nata na kanta.

Yanzu ga samarinmu masu gem, waɗanda su ne aka fi yi wa sakiyar da ba ruwa. Gem na zamani katin hoto yake ci kafin komai. Wasan ƙwallon da aka sani da FIFA, wanda ya koma FC tun 2023, mafi ƙarancin abin da fitowar FC 24 ta nema shi ne RAM giga 8, kati irin GTX 1050 Ti mai giga 4, da filin ajiya giga 100. Wannan na a samu ya tashi ne kawai, ba na jin daɗi ba. Laftof ɗin ofis da ke da Intel HD ko UHD ba ta da katin hoto daban, aron RAM take yi. Nan ne wasu suke nuna wa mai saye "girafik giga 4" alhali aro ne. A wancan shafin na Performance, danna GPU ka duba layin da aka rubuta Dedicated, shi ne na gaskiya. Wanda aka rubuta Shared aro ne.

Abu na biyu da nake so kowane matashi ya riƙe: katin hoton kusan kowace laftof ba ya canzuwa, a liƙe yake. Duk wanda ya ce maka saya yanzu daga baya a ƙara maka girafik, zance ne kawai yake so. Mai son ya riƙa ƙari sannu a hankali gwargwadon aljihunsa, kwamfutar tebur ce tasa. Ka fara da akwati da furosesa mai kyau, bayan watanni ka sa kati, baɗi ka ƙara RAM.

Sai dai ita ma tana da tarkonta. Ƙananan akwatunan ofis irin Dell OptiPlex da HP ProDesk suna da araha, amma tukunyar wutarsu, wato na'urar da ke raba wa sassan kwamfutar wuta, ƙarama ce, sau da yawa wat 180 zuwa 240, kuma an yi ta da siffa ta daban yadda ba kowace za ta maye gurbinta ba. Irin waɗannan sai gajeren kati marar cin wuta, kamar GTX 1650 mai wat 75 da ke shan wutarsa daga ramin da aka soka shi. Kati kamar RTX 3060 shi kaɗai yana jan wat 170, kuma ana son tukunya mai wat 550 a bayansa. Kada a yi rowa a kan tukunyar wuta. Marar suna mai arahar nan, wadda in ka ɗaga ta kamar ka ɗauki gwangwanin madara, ranar da za ta tafi ba ita kaɗai take tafiya ba, tana jan kati da babban allon ciki su raka ta. Sayen nagari mai da kuɗi gida, a nan ya fi ko'ina gaskiya. Katin hannu kuma a gwada shi da gem na aƙalla rabin awa, a ga ko allo zai fara zane-zane ko ya ɗauke.

Duk wannan lissafin banza ne in ba a yi lissafin wuta ba, kuma shi ne abin da masu bayani a YouTube daga ƙasashen waje ba su damu da shi ba, don ba matsalarsu ba ce. Laftof ɗin aiki cajarta wat 45 zuwa 65 ce, ƙaramar sola ma ta riƙe ta. Kwamfutar tebur ta gem da allonta kuwa tana iya jan wat 300, wanda in ka yi awa huɗu kullum ya zama yunit 36 a wata. Ga shi ba ta da batir, ana ɗauke wuta take mutuwa nan take, abin da ke lalata Windows da ma'ajiya. Don haka kuɗin UPS, na'ura mai batir da ke riƙe ta na ɗan lokaci in an ɗauke wuta, yana cikin kuɗin kwamfutar, ba ƙari ba ne. In unguwarku wuta na zuwa sama da ƙasa, a haɗa da sitabilaiza. Mai inbata ya tabbatar mai tsabtatacciyar wuta ce, domin masu arahar nan wasu tukwanen zamani ba sa jituwa da su, sai ka ji suna ƙugi ko su riƙa kashe kansu. Kuma a cire filogi kafin a tayar da janareto, a bari ya daidaita tukuna.

Sai ƙura da zafi. Da na kwance bayan laftof ɗin yaron nan, abin da na ciro tsakanin fanka da ƙarfen sanyaya ya yi kama da audugar tsohuwar katifa, dunƙule guda, har da gashi da zare. Iska ba ta da hanyar fita. Furosesa in ta doshi digiri 100 takan rage gudunta da kanta don kada ta ƙone, shi ya sa gem yake farawa lafiya, bayan minti goma ya soma sarƙewa. A garin da bazara ke haura digiri 40, hunturu kuma ya cika ɗaki da ƙura, ya kamata a buɗe a share aƙalla sau ɗaya a shekara, bayan hazo ya wuce, a sabunta man da ake shafawa a kan furosesa in ya bushe. A daina ɗora laftof a kan katifa, filo ko darduma, ƙofofin iskarta a ƙasa suke. Ko tiren shayi aka kifa ya fi.

Ranar saye kada ka yi gaggawa, kuma kada ka ji kunyar ɓata wa mai shago lokaci, kuɗinka ne. Danna kowane harafi na kibod. Soka filashi a kowane rami. Buɗe farin shafi ka duba allo ko akwai tabo ko layi. Gwada kamara, sifika da Wi-Fi. Shiga BIOS, wato shafin saitin na'urar da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka tabbatar babu kalmar sirrin tsohon mai ita, don cire ta aiki ne ja. Batir kuma akwai umarnin da ake rubutawa, powercfg /batteryreport, wanda zai nuna ƙarfinsa na asali da abin da ya rage masa yanzu. Ƙaramar manhaja mai suna CrystalDiskInfo, kyauta ce, tana faɗin lafiyar ma'ajiya da yawan awannin da ta yi aiki. A rubuta maka rasit mai ɗauke da lambar jikin na'urar da kwanakin garanti. In ba ka gane waɗannan ba, tafi da wanda ya sani, ka ba shi na mai.

Iyaye kuma ga naku. In kun ga wurin linzamin laftof ya taso ko bayanta ya buɗe baki, batir ne ya kumbura. A daina caji nan take, kada a huda shi, kada a danne shi, kada a jefa shi a bola inda ake cinna wuta, domin yana iya kamawa. A kai wa mai gyara ya cire. Yaran da ke kwana a gaban allo kuma a saba musu da ɗaga ido duk bayan minti 20 su kalli abu mai nisa na ɗan lokaci, kuma a bar fitila a kunne, kada a yi gem a ɗaki mai duhu.

Shi kuwa dattijon, mun sa wa laftof ɗin SSD mai giga 256, muka kai RAM giga 8, muka share fanka muka sabunta mai. Kuɗin bai kai rubu'in abin da ya saye ta ba. Yanzu tana tashi kafin ka gyara zama, yaron yana gwajin JAMB da ita, ƙannensa mata suna koyon bugun rubutu. FC dai ba za ta taɓa ɗauka ba, na kuma faɗa masa haka ƙarara, amma tsohon wasan ƙwallo na PES 2013 yana tafiya sumul. Da za su fita yaron ya dawo da baya ya ce, "Malam, nawa ne akwatin tebur mai zubi na takwas, ba kati?" Na ce ya fara kawo mini sakamakon jarrabawarsa tukuna, sai mu zauna mu yi lissafi.