Kilistiron

Kilistiron bututu ne da aka zuƙe iskar cikinsa ƙaf, wanda ke ƙara ƙarfin igiyoyin rediyo masu saurin kaɗawa, irin waɗanda ke kaɗawa sau biliyoyi a daƙiƙa guda. Wa da ƙane, Russell da Sigurd Varian, su suka ƙera na farko a Jami'ar Stanford ta Amurka a 1937, da taimakon William Hansen.

Kafin nan, tsofaffin bututun rediyo sun gaza a wannan fage. Kafin ilektiron, wato ƙwayar da ke ɗauke da wutar lantarki, ya ƙetara daga gefe guda na bututun zuwa ɗayan, igiyar ta riga ta juya, sai aikin ya ɓaci. Gwanintar kilistiron ita ce ya mai da wannan jinkiri abin amfani.

A gindin bututun akwai ƙarfe da ake zafafawa har ya riƙa fitar da ilektiron. Wutar lantarki mai ƙarfi ta fizge su, maganaɗisu kuma ya matse su su zama siririn layi. Sai su ratsa wani ɗan kogo na tagulla da aka shigar wa raunanar igiyar. Nan igiyar za ta ƙara wa wasu gudu, ta rage wa wasu. Da sun ci gaba da tafiya, masu sauri su cim ma masu nawa, layin ya rarrabu gungu-gungu. Gungun nan na wucewa ta kogon ƙarshe su zuba masa ƙarfinsu, igiyar ta fito ta ninku dubbai. Ragowarsu kan faɗa wani ma'aji da ake sanyayawa, a manyan bututu da ruwa.

Wannan ne ya sa taransista, ɗan ƙaramin abin da ya maye gurbin tsofaffin bututun rediyo, bai kore shi ba: ilektiron da ke gudu a sarari ba sa karo da komai, zafin kuma ana kwashe shi a wuri dabam. Ana samunsa a na'urorin rada da wasu injinan gasa ciwon daji. Na'urar gudun ƙwayoyin zarra ta cibiyar bincike ta SLAC da ke Amurka, mai tsawon kilomita 3.2, an gina ta da kilistiron sama da 200.

Rauninsa shi ne ƙuncin zango, wato igiyoyin da saurin kaɗawarsu ya yi kusa da juna kawai yake iya ƙara wa ƙarfi. Don haka taurarin ɗan Adam suka fi dogara da ɗan'uwansa mai murɗaɗɗiyar waya a ciki, wanda Rudolf Kompfner ya ƙera a Ingila lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Kumbunan Voyager da aka harba a 1977 irinsa suka ɗauka.

Idan kaɗawar ta yi yawa sosai, kogunan kan ƙanƙance har su kasa jure zafi. Nan wani bututun da ake kira jairotiron ke karɓar aiki, wanda aka fara ƙerawa a Tarayyar Sobiyet a shekarun 1960. Waɗanda aka yi wa cibiyar binciken makamashin nukiliya ta ITER da ke Faransa suna ba da megawat 1 kowanne a kan gigahaz 170, wato kaɗawa sau biliyan 170 a daƙiƙa guda, kuma tagar da igiyar ke fita ta cikinta da lu'ulu'un da aka haɗa a masana'anta aka yi ta.